Filin Tambaya da Amsa: Safar Hannu Don Tuƙa Babur Ɗin Ƙanƙara

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne a kan hannu. Masu karatu da ke hawa babur ɗin ƙanƙara, wato abin hawan nan mai takalman zamiya biyu a gaba da bel na roba a baya, wanda ake yawan amfani da shi a Kanada da Alaska da arewacin Finland, suna kukan yatsu.

Tambaya: Salamu alaikum. Na sayi safar hannu mafi kauri da na samu, amma ko rabin awa ban yi a kan babur ba yatsuna suka sandare. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Muna kyautata zaton abu uku ne suka haɗu maka: iska, gumi, da matsewa.

Iska tukuna. Idan sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas, kana kuma gudun kilomita 50 a awa, abin da fatarka ke ji ya kai kusan digiri 35 ƙasa da sifiri. A irin wannan yanayi, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Hannu kuwa shi ne a gaba, shi ke fara karɓar dukan iskar. Komai kaurin cikon safa, in dai bayanta ba ya tare iska, aikin banza ne. Nemi wadda bayanta nailan ne mai ƙarfi ko fata, da shafi mai hana ruwa shiga amma yana barin tururin gumi ya fita, irin su Gore-Tex.

Sai matsewa, wadda ita ce ta fi yaudarar mutane. Cikon ba ya samar da zafi da kansa, iskar da hannunka ya ɗumama yake riƙewa. Da zarar safa ta matse, cikon ya danne, iskar ta fice, jini ma ya rage zuwa ƙarshen yatsu. Ɗauki tef ɗin tela ka auna zagayen tafin hannunka a daidai gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa, ka duba jadawalin girma na kamfanin. In ka sa ta, ka dunƙule hannu kamar ka riƙe kan babur. A haka za ka gwada, ba da hannu a miƙe ba. A samu ɗan fili kamar rabin santimita a ƙarshen kowane yatsa, kuma kada ka ji tana jan babban yatsa.

Gumi kuma, in ya jiƙa ciki, shi ne ke mayar da safa firiji. Kada ka sa ta auduga daga ciki, domin auduga tana shan gumi ta riƙe. Siririya ta ulu ko ta roba mai saurin bushewa ta fi.

Tambaya: Ina ganin an rubuta gram 100, gram 200 a jikin safa. Me ake nufi, kuma nawa ya kamata in zaɓa?

Amsa: Nauyin cikon ne a kowace murabba'in mita, ba nauyin safar ba. Za ka fi gani a jikin masu cikon Thinsulate ko PrimaLoft. Gram 100 ya wadatar wa mai tuƙi a tsaye cikin dusar ƙanƙara mai zurfi, wanda jikinsa ke motsi yana gumi. Mai zama yana doguwar tafiya da gudu kuwa, ya nemi gram 200 zuwa 300 a bayan hannu.

Ka lura da cewa mun ce a bayan hannu. Yawancin baburan yanzu suna da hita a wurin riƙo, da wata ƙarama a jikin totur, wanda da babban yatsan dama ake danna shi. Idan tafin safarka ya yi kauri, ka toshe wa kanka wannan ɗumin, sannan riƙon ya yi maka wuya, ka dinga damƙa da ƙarfi har hannu ya gaji, birki ma ba za ka ji shi sosai a yatsun hagu ba. Safar da aka yi don wannan aiki takan zo da baya mai kauri, tafi kuma siriri, sau da yawa na fatar akuya. Cikon gashin tsuntsu yana da ɗumi, amma da ya jiƙe ya tashi daga aiki, don haka ba ma ba da shawararsa a nan.

Kada a manta da wuyan safar. Ya zama dogo, ya hau kan hannun jaket, da igiyar tsukewa da za ka iya ja da hannu ɗaya. Ta wannan ɗan tsagin da ke wuyan hannu iska ke shiga.

Tambaya: Ni mace ce, kuma hannuna yana saurin yin sanyi ko a gida. Mai yatsu biyar zan saya ko mai aljihu ɗaya?

Amsa: 'Yar'uwa, mai aljihu ɗaya ta fi ɗumi nesa ba kusa ba, saboda yatsu suna ɗumama juna. Idan a baya kike zama, ita ce taki. Idan ke ce mai tuƙi, akwai mai kashi uku, wadda ta ware babban yatsa da manuni, ta haɗe sauran, sai ki samu ɗumi ki kuma iya kama birki. Ki ƙara da rigar kan babur, wata jaka da ake ɗaurawa a kan wurin riƙo a zura hannu ciki. Tana aiki ƙwarai, sai dai a tabbatar iska ba ta danna ta kan birki ba.

Akwai kuma safa mai batir. Masu ƙaramin batir na bolt 7.4 suna yin 'yan awanni, kuma sanyi yana rage musu ƙarfi, masu bolt 12 kuwa da babur ake jona su. Ko wacce kika ɗauka, ki zaɓi wadda ke da ɗumi ko wutar ta mutu. In yatsunki na yin fari fat da ɗan sanyi kaɗan, ko kina da ciwon sukari, ki ga likita kafin ki fita. Ki kuma rufe ƙirji da kai sosai, don jiki in ya ji sanyi daga yatsu yake fara janye jini.

Tambaya: Yaya zan busar da ita, kuma me zan yi idan yatsa ya mutu a hanya?

Amsa: Kada ka ɗora ta a kan hita ko kusa da wuta, fatar za ta tsage, shafin ya lalace. Buɗe bakinta, ciro na cikin in yana cirowa, ka bar ta a ɗaki mai ɗumi ta kwana. Fatar tafin kuma a riƙa shafa mata man fata ko kaki. In hannu ya yi gumi, riƙe ƙarshen yatsun safar kafin ka zare, in ba haka ba shafin ya biyo hannunka ya juye, mayar da shi kuwa sai an sha wahala. Ka tafi da ta ko-ta-kwana a cikin jaket, inda za ta zauna da ɗumi. Lokacin zuba fetur kada ka cire safa, kada kuma ka bari ya jiƙa ta, domin fetur mai sanyi in ya taɓa fata yana daskarar da ita nan take.

Idan yatsa ya yi fari, ya yi tauri, ba ka jin sa, tsaya ka sa hannun a hammata. Kada ka murza shi, kada ka goga masa ƙanƙara. In an isa masauki, a tsoma shi a ruwa mai digiri 37 zuwa 39 har ya yi laushi, amma sai an tabbatar ba zai sake daskarewa ba, don daskarewa ta biyu ta fi yin ɓarna. Idan ya yi ƙuraje masu ruwa ko jin bai dawo ba, a wuce asibiti.