Kafin ka ɗauko jaka zuwa Kumasi don binciken launi

Ƙanina, saƙonka na uku ya iso, har da muryar Inna tana cewa in riƙe ka hannu bibbiyu. Ka ce ka gama digirin kemistiri, kana son ka zo Gana ka koyi aikina, wato gano irin fenti da rinin da ke jikin tsofaffin kaya. Ka kuma tambayi kuɗin mota daga Legas. Mota ba ita ce matsalarka ba.

Na lura na'urar nan mai kama da bindiga, XRF, da ka gani a hotona ce ta ɗauki hankalinka. To ba tawa ba ce, aro muke yi, wani lokaci sai na yi wata biyu ina jiran layi. Kuma abin da take gani kaɗan ne. Tana harba haske a jikin abu ta gaya maka akwai ƙarfe, ko dalma, ko tagulla, shi ke nan. Ka ɗora ta kan rigar da aka rina da baba, ba za ta ce maka uffan ba, domin shuni daga tsiro yake. Shi sai an yanki ɗan zare, an narkar da rinin, an tura shi cikin na'urar HPLC mai rarrabe sinadaran rini. Ko an yi hakan ma da sauran rina a kaba: tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ke sayar da shunin masana'anta, kuma sinadarinsa ɗaya ne da na karofin Ƙofar Mata.

Aikin duka na kwanan wata ne. Wani masanin kemistiri, Perkin, ya haɗa rinin masana'anta na farko a Ingila a 1856. Bula da ake sa wa fararen kaya, shuɗinta ƙirar Faransa ne na wajen 1828, don haka in ka same ta a jikin sassaƙe, an shafa ta ne bayan nan. Farin titaniyam bai shiga kasuwa sosai ba sai wajen 1920, shi ne ma ya tona asirin Beltracchi, Bajamushen da ya zana hoton bogi ya ce na 1914 ne. Ni ma wani dillali ya taɓa kawo mini allon zayyana, yana rantsuwa ya haura shekara ɗari biyu. Titaniyam ya fito ɓaro-ɓaro a farin. Har yau in mun haɗu a masallacin Juma'a kau da kai yake yi.

Abin da ya fi ba ni wuya a nan mutane ne. Akwai wani dattijon malami a unguwar Aboabo ta Kumasi da ke da Alƙur'ani rubutun hannu, gadon kakansa. Wata huɗu ina zuwa gaisuwa, ina zama kan buzu ina shan shayi, yara suna kwaikwayon Hausata ta Kano. Ranar da ya yarda, da kansa ya kwance gafakar, ya ce, "Yaro, da alwala, kuma ban da reza." Na auna jan wasali, ƙarfe ya fito, jar ƙasa ce. Na auna baƙin rubutun, shiru. Na yi zaton na'urar ta lalace, gumi ya keto mini. Malam ya yi murmushi ya ce ai tawadar gawayi da ƙaro ce, irin ta tsangaya. Gawayi kuwa XRF ba ta ganinsa. Abin da na ci wata huɗu ina nema, shi ya san shi tun yana kolo.

Haka a Ntonso, garin masu buga adinkira, wato zanen da ake buga wa alamomin gargajiya da hatimi. Ɓawon itacen da suke kira badie ake dakawa a turmi, a jiƙa, a dafa har ya yi kauri kamar maɗi. Sai da na zauna cikin hayaƙin nan na kwanaki kafin sakamakon da nake samu ya fara yi mini ma'ana. Tsohon zanen adinkira da Bowdich, wani Baturen Ingila, ya ɗauka daga Kumasi a 1817 kuwa yana Landan, ni dai a hoto na san shi. Wannan na ci mini rai. Wani baƙon mai bincike ma na yi masa jagora mako uku, na yi masa tafinta, na shirya samfura, takarda ta fito babu sunana ko a godiya. Yanzu nawa rubuce-rubucen sun fito da sunana a gaba, da guminsu na samu.

Batun zama kuwa, ɗalibin waje da dala ake yanka masa kuɗin makaranta. Mai gida zai nemi hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Kwana 90 da ECOWAS ta ba ka ba tare da biza ba, ba izinin zama ba ne. Zango za su ba ka koko da ƙosai da wurin sallah, amma babu mai ba ka aiki a wannan fanni, guraben ba su da yawa.

In har yanzu kana kan bakanka, kada ka zo hannu rabbana. Je ka wurin marina da dukawa ka karɓo ƙyallen da aka rina da baba zalla, da jar fatar karan dafi, da bagaruwa, da tozali, da lalle. Kowanne a ledarsa, ka rubuta wanda ya yi da yadda ya yi. Irin waɗannan samfuran na gwadawa su muka fi rasa a nan. Ka gaida Inna, ka ce mata ɗakina ɗaya ne, tabarma za ka shimfiɗa.