Tambaya da Amsa: Shingayen Falasɗinu da namu na hanyar Kamba, duk ɗaya ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni direba ne, ina jigila daga Birnin Kebbi zuwa Kamba. Kullum in na kunna rediyo sai in ji ana ta zancen shingayen sojojin Isra'ila da wahalar da Falasɗinawa ke sha, to ni dai Malam ban gane ba, mu ma nan ai shingen ne, tun daga tasha har Kamba sai ƙafarka ta gaji da taka burki, kowa da irin kakinshi kuma kowa sai ka miƙa mishi na goro, in ka ƙi a ce ka faka a sauke lodi. Mi ya bambanta nasu da namu har duniya ke ta surutu a kai? Don Allah a warware min.
Daga wani direba, Kamba

AMSA: Wa alaikumus salam Malam direba, Allah ya tsare hanya ya ba da sa'a. Wallahi ba zan raina wahalar da kuke sha ba, abin da ake muku a hanya zalunci ne kuma ya kamata a faɗa. Amma na can wani abu ne daban. Kai in anka tsayar da kai, motarka ake dubawa ko lodinka, ko kuma aljihunka ake hari, da ka sallami mutum ka wuce, kuma tunda kake ba wanda ya taɓa ce maka ina takardar izininka ta shiga Kamba. Can kuwa abin da ake tambaya shi ne kai wane ne, wane kalar katin shaida ke hannunka, an ba ka izinin wucewa ko ba a ba ka ba. Kuɗi ba su buɗe wannan ƙofar.

Bari in ɗan koma baya. Isra'ila ta mamaye Gaɓar Yamma da Kogin Jordan da gabashin Birnin Ƙudus da Zirin Gaza a yaƙin 1967. Shekarun farko Falasɗinawa na shiga suna fita ba tare da kowa ya nemi takarda tashi ta kanshi ba, sai a 1991 anka soke wancan izinin na bai ɗaya anka ce kowa ya nemi nashi. Sannan yarjejeniyar Oslo ta 1995 tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa ta yanka Gaɓar Yamma gida uku, yankin A da B da C. Yankin A shi ne manyan garuruwa irin su Ramallah da Nablus da Jenin, hukumar Falasɗinawa ke riƙe da shi, bai wuce kashi 18 cikin ɗari ba. Yankin C kuwa wajen kashi 60 ne kuma gaba ɗaya yana hannun Isra'ila, to matsalar ita ce shi C ɗin shi ya kewaye sauran, kusan duk hanyar da za ta fitar da kai daga wani gari zuwa wani sai ta ratsa cikinshi. A nan ake dasa shingen.

Ofishin OCHA mai kula da ayyukan jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya yana bin hanya yana ƙirga su. A farkon 2023 ya ƙirga 645, a farkon 2025 sun kai 849. Kuma ka san duka Gaɓar Yamma ɗin murabba'in kilomita 5,600 ne da 'yan kai, jiharmu ta Kebbi ta ninka ta wajen sau shida. Ba duka ne ke da soja tsaye ba. Wani tarin ƙasa ne katafila ta zo ta jibge a bakin hanyar ƙauye, wani manyan duwatsun kankare ne, wani rami, wani kuma ƙofar ƙarfe ce da ake sa wa kwaɗo a mashigar gari, ranar da anka ga dama a rufe sai mutanen gari su bar motocinsu su tsallaka da ƙafa su nemi wata motar a ɗaya gefen. Ga kuma na ba-zata, motar soja ta gitta a titi kawai, shi ke nan shinge ya kafu.

Kai da kake direba ga abin da zai fi taɓa ka. Lambar mota ma kala biyu ce. Ta Isra'ila ruwan ɗorawa ce, ita ce a motocin Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna da ke cikin Gaɓar Yamma, waɗanda yawansu in an haɗa da gabashin Ƙudus ya haura 700,000. Ta Bafalasɗine fara ce da koren rubutu. Mai ruwan ɗorawa ya bi titi mai kyau ya wuce Ƙudus abinshi, mai koren rubutu kuwa motarshi ba ta shiga Ƙudus sam, wasu titunan ma a cikin ƙasarshi an hana shi hawa. Har kaya haka ake yi musu a mashigun kasuwanci, babbar mota ta zo ta juya baya, wata ta can gefen ita ma ta juya baya, a kwashe daga wannan a zuba a waccan, ka lissafa kuɗin mota biyu da 'yan dako da tumatur ɗin da rana ta dafa.

Yanzu ka dubi lebura ɗan Baitalami mai aikin gini a Ƙudus, tsakaninsu bai fi kilomita 10 ba. Kafin Oktoban 2023 sama da mutum 100,000 daga Gaɓar Yamma ke da izinin aiki a Isra'ila da matsugunan Yahudawa. A wancan lokacin irin wannan bawan Allah tun ƙarfe uku na dare yake barin gida da ledar abincinshi, ya iso shingen da ake kira 300 ya tarar da ɗaruruwa sun riga shi, a shiga wani dogon lungu mai sandunan ƙarfe hagu da dama, ƙirji na dannar baya, matasa masu ƙarfi har hawa sandunan suke yi su bi ta saman kawunan mutane. A gaba akwai ƙofar ƙarfe mai juyawa wadda mutum ɗaya take ɗauka, soja na cikin ɗaki bayan gilashi shi ke danna ta, ta saki mutum kaɗan ta ƙame, wani lokaci da mutum a tsakiyarta. In ka wuce ka kwance bel ka zuba waya da 'yan canji a tire, ledar abinci ta bi ta na'ura, sannan ka nuna kati da takardar izini, ana maka magana ta lasifika. Wasu a bakin titi suke sallar asuba kan kwali bayan sun tsallaka. A 2019 an gyara wannan shingen da na Ƙalandiya da ke tsakanin Ramallah da Ƙudus an sa na'urar gane fuska, layi ya ɗan yi sauri, amma izinin na nan yadda yake. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023 kuma anka dakatar da izinin mafi yawan leburorin nan, gidaje da yawa abincinsu ya yanke a rana ɗaya.

Adalci ne in faɗi abin da Isra'ila ke cewa. Ta ce tsaro ne, tana kafa hujja da hare-haren ƙunar baƙin wake na lokacin intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa da ya fara a 2000, waɗanda sunka kashe fararen hula da yawa a motocin bas da gidajen abinci, kuma haka ɗin ya faru. Amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne mafi yawan shingayen nan ba a kan iyaka suke ba, tsakanin garin Falasɗinawa da garin Falasɗinawa suke. Katangar da Isra'ila ta fara ginawa a 2002 ma, wadda tsawonta a tsari ya haura kilomita 700, wajen kashi 85 cikin ɗari nata cikin Gaɓar Yamma ta ratsa, ta raba manomi da gonar zaitun ɗin da ya gada, sai ya nemi izini kuma ya jira sa'ar da za a buɗe ƙofar gona, wasu ƙofofin ma sai lokacin tsinkar zaitun wajen Oktoba ake buɗe su. Kotun Duniya ta ce ginin ya saɓa wa doka tun 2004.

Abin da ya fi ci musu rai shi ne rashin tabbas. Kai ka san in ka tashi da hantsi za ka yi azahar a Kamba. Shi kuwa mai zuwa Ramallah daga Nablus, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba in hanya a buɗe take, bai san ko awa ɗaya zai yi ko biyar ko a juyo da shi ba, shi ya sa kafin ya sa takalmi sai ya buɗe guruf ɗin Telegram ko WhatsApp inda direbobi ke sanar da juna wane shinge ke buɗe, wane ya cushe, wane anka rufe. Ɗaurin aure, jarabawa, zaman kotu, jana'izar uwa, duk a kan wannan saƙon ake tsara su.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti. Wata abokiyar aikina ta ce wai mata na haihuwa a bakin shingen nan saboda an hana su wucewa, ni kam abin ya min nauyi na kasa yarda. Da gaske ne? Kuma marasa lahiya ya suke yi?
Daga wata 'yar'uwa, Argungu

AMSA: Wa alaikis salam Malama, Allah ya saka muku da alheri kan aikin da kuke yi. Da gaske ne. Rahoton da anka gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa ƙididdigar ma'aikatar lafiya ta Falasɗinu, ya nuna tsakanin 2000 da 2006 mata sama da 60 sun haihu a shingaye, jarirai fiye da 30 sunka rasu, har da wasu daga cikin uwayen. Ke kin fi ni sanin abin da jinkirin awa ɗaya ke yi wa mace mai zubar jini ko wadda mabiyiya ta ƙi fita. Saboda tsoron haka wasu matan ƙauye in wata ya kama sai su tare gidan dangi a cikin gari kusa da asibiti, wasu kuma su haƙura su haihu a gida.

Manyan asibitocin Falasɗinawa na ƙwararru a gabashin Ƙudus suke, irin su Makassed da Augusta Victoria inda ake gashin cutar kansa, da asibitin ido na St John. Mai koren kati na Gaɓar Yamma ba ya isa can sai da izini, mai jinyarshi ma sai da nashi izinin daban, ana iya ba yaro a hana uwarshi, sai a nemo kaka ta raka shi don tsofaffi sun fi samu. Motar asibiti ma sau da yawa ba ta wucewa kai tsaye, a shinge ake sauke mara lafiya a kan gadon ɗaukar majinyata a tura shi cikin wata motar mai lambar Ƙudus, ko da ƙarin ruwa a hannunshi. Na Gaza kuwa tun da anka ƙaƙaba musu takunkumi a 2007 har zuwa Oktoban 2023 sai ta mashigar Erez ta wajen Isra'ila ko Rafah ta wajen Masar, mutum ya samu ranar ganin likita ranar ta zo ta wuce amsar izini ba ta fito ba. Akwai wasu mata 'yan Isra'ila, ƙungiyar Machsom Watch, da tun 2001 suke zuwa su tsaya a shingaye suna rubuta abin da idonsu ya gani, da yawan abin da duniya ta sani daga irinsu ya fito.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina ganin hoton Masallacin Ƙudus cike maƙil da azumi, ashe ke nan ba a hana su ibada ba?
Daga wani dattijo, Jega

AMSA: Baba barka kadai, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mafi yawan waɗanda kake gani mazauna Ƙudus ne masu shuɗin kati da Larabawan cikin Isra'ila, su ba shinge tsakaninsu da masallacin. Na Gaɓar Yamma sai an tace su. A azumin 2024 maza daga shekara 55, mata daga 50, sai yara 'yan ƙasa da 10 anka bari su shiga sallar Juma'a, su ma da izini. Saurayi ɗan shekara talatin a Ramallah, kilomita 15 kacal, yana iya kasancewa bai taɓa sa goshinshi a Al-Aƙsa ba.

A Hebron, wato Al-Khalil, inda masallacin Annabi Ibrahim yake, sai ka bi ta ƙofar ƙarfe da na'urar bincike kafin ka shiga salla. Tun bayan da wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna, Baruch Goldstein, ya harbe masallata 29 a cikinshi da azumin 1994 anka raba ginin biyu, kuma titin Shuhada da ke tsakiyar kasuwar garin anka fara hana motocin Falasɗinawa binshi, daga baya har tafiyar ƙafa a mafi yawanshi, shaguna ɗaruruwa a garƙame. Wasu da ƙofar gidansu ke kallon titin ta baya ko ta rufin maƙwabta suke fita.

Ko aikin Hajji Baba, ba su da filin jirgi. Maniyyacin Gaɓar Yamma sai ya gangara Jericho ya bi ta gadar Sarki Hussein ya shiga Jordan, a duba takardunshi wajen Falasɗinawa, a duba wajen Isra'ila, a sake dubawa wajen Jordan, yana sauka daga wannan bas yana hawa waccan da jakunkunanshi, kuma ranar da Isra'ila ta rufe gadar ba wata hanyar sai ya koma gida ya jira.