Amsa: Karatun ƙagaggun labarai na ƙara wa yaro fahimtar mutane?

Sannu 'yar'uwa. Kin ce ɗiyarki da ke aji huɗu a sakandare ba ta ajiye littattafan hikaya da take sayowa a kasuwar Terminus ta Jos, kina tambaya ko ɓata lokaci ne.

Masana halayyar ɗan Adam sun duba wannan. A 2006 Raymond Mar da Keith Oatley na Jami'ar Toronto sun gano cewa waɗanda suka daɗe suna karanta ƙagaggun labarai sun fi iya gane halin da mutum yake ciki daga hoton idanunsa kawai. Sai dai wannan alaƙa ce, wataƙila dama masu lura da mutane ne ke son labari. A 2013 David Kidd da Emanuele Castano suka wallafa a mujallar Science cewa ɗan gajeren karatun ƙagaggen labari mai zurfin adabi ma yana ƙara wannan basira nan take. Labarin ya yi tashe, amma da wasu masu bincike suka maimaita gwajin a 2016, ba su samu hakan ba. Da aka tattara gwaje-gwaje da dama a 2018, an ga tasirin yana nan, amma ƙarami ne.

Kuma mafi yawan binciken nan a Amurka da Kanada aka yi shi, da Turanci, ba kan yaranmu na Jos ba.

Ni dai ba zan ƙwace littafin ba. Ki duba irin abin da take karantawa, domin wasu ba na sa'o'inta ba ne. In ta gama, ki tambaye ta me ya sa jarumar ta yi fushi, me take tsoro.