Zama a Accra: haya ce ke cinye jari

Tambaya: Ina fataucin albasa daga Sakkwato, ina son komawa Accra da zama. Me ya fi cin kuɗi a can?

Amsa: Alhaji, haya ce. Dokar hayar gida ta Ghana ta 1963 ta hana karɓar kuɗin fiye da wata 6 gaba, amma masu gida kan nemi na shekara 1 ko 2 a dunƙule, ga la'adar dillali. Kafin ka biya, murɗa famfon da hannunka. In ba ruwa, sayen jarka zai shiga cefanen kullum. Ka guji mitar wuta ta haɗaka, rigima take haifarwa.

A unguwar Nima da ke cikin gari akwai 'yan'uwa Hausawa, amma tun 2021 kasuwar albasa ta koma Adjen Kotoku, can bayan gari. In ka zauna a Nima, kuɗin trotro (ƙananan bas na haya) zai cinye ribarka, gara ka kama ɗaki wajen Amasaman, kusa da kasuwar.