Muryar Anti a guruf: garatutin mai gida bayan saki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Maman Ilham, na saurari muryarki har sau biyu. Kin ce shekararku 22 da aure, ya yi miki saki ɗaya, saura wata takwas ya yi ritaya, kina tambaya ko kina da rabi a garatutinsa da fanshonsa kamar yadda kika ji ana yi a Amurka. Allah ya ba ki haƙuri, ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Gaskiya ɗaya ce, ƙanwata. A kotun Musulunci a nan Kano babu wannan rabon. Dukiyarsa tasa ce, taki taki ce. Asusun fanshon ma, in aikin tarayya yake yi, dokar 2014 ce, ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wurin aiki ya zuba kashi 10, kuma sunansa ne a kai. Ba a tsaga miki komai.

Amma don Allah kar ki kwashe kaya cikin fushi. Saki ɗaya ne, ci da sha da wurin kwana suna wuyansa har ki gama idda, tsarki uku. Yaran kuma, a Malikiyya riƙonsu naki ne matuƙar ba ki yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Ciyarwa ta uba ce.

To ga inda nake so ki buɗe kunne. Kin ce kin sayar da sarƙar gwal ɗinki kin zuba a gininsa na Ɗorayi. In ba ki ce kyauta ce ba, ai kuɗinki ne. Yayata haka ta faru da ita, kwasar adashi uku ta ba mijinta aka yi rufi. Da aka je gaban alƙali sai mutumin nan ya ce shi bai san zancen ba! Wallahi abin da ya cece ta, risitin mai kwano ne da ta cusa a ƙasan samira shekara da shekaru, har ya yi ja, sai kafinta da ya zo ya ba da shaida. Saboda haka tun yau ki nemo alat na banki, da risiti, da wanda aka yi a gabansa.

Akwai kuma mut'a, kyautar sallama, tana Baƙara aya ta 241. Malamanmu sun ce mustahabbi ce, alƙali ba ya tilastawa, a zaman sulhu ake samunta da lalama. Ki tafi da waliyyinki, ko a Hisba ko gaban manya. A rubuta nawa ne kuɗin yara duk wata, da ranar biya. Ki roƙa a ƙara cewa ranar da garatuti ya fito za a ware kuɗin makaranta, don kin san fansho ba ya fitowa washegarin ritaya.

Bari in tsaya haka, an kawo wuta, zan kunna ruwa. Ki kira ni bayan isha'i.