Kafin ka ci bashin na'ura huɗu, ina littafinka?

Wani mai kemis a ƙauye mai nisa da asibiti ya aiko da tambaya. Wata shida ke nan da ya sayi na'urar awon hawan jini, ya damƙa wa ƙanensa yana auna mutane ana karɓar ɗan abin da ya samu. Jama'a na zuwa, amma shi bai ga kuɗin ba. Yanzu yana so ya ci bashi ya ƙaro na'ura huɗu ya raba wa yara a ƙauyukan kewaye.

Malam, ajiye maganar bashin nan tukuna. Na karanta saƙonka sau biyu ina neman adadi ko ɗaya, ban samu ba. Mutum nawa aka auna a wata shidan? Nawa ne jininsu ya hau? Nawa suka dawo? Ba ka faɗa ba domin ba ka sani ba, kuma ba ka sani ba domin babu littafi. Ban ce ƙanenka yana cin kuɗin ba, Allah ya kiyaye in yi masa ƙazafi. Amma ko waliyyi ka ɗora a kan ciniki ba rubutu, ranar lissafi sai kun yi rigima. Yanzu kuma kana so ka ninka wannan duhun sau biyar, da kuɗin mutane.

Kuɗin awo ba shi ne ribar ba. Da ƙyar yake biyan batir da sabon maɗaurin dantse idan tsohon ya fara zubar da iska. Ko a Ingila, da aka fara shirin awon hawan jini a kemis-kemis a 2021, hukumar lafiya ce ke biyan mai kemis, wanda aka auna ba ya ba da ko sisi. Ribar tana wajen mutumin da likita ya tabbatar yana da hawan jini, ya rubuta masa magani, zai kuma riƙa saye duk wata har tsawon rai. In ka riƙe irinsu talatin, ciniki 360 ke nan a shekara ba tare da ka yi shela ba. Kuma suna nan birjik: a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta manya kusan biliyan 1.28 ke da hawan jini a duniya, kusan kashi 46 cikin 100 ba su ma san suna da shi ba. To wanda ba ka rubuta sunansa ba, ta yaya za ka san watan jiya bai zo ba?

Na taɓa ba wani shawara irin wannan, ya ƙi ji. Wata tsohuwa ta taho a ƙasa cikin rana, tana haki ta zauna, yaron shagon ya ɗaura mata na'ura nan take a kan hannun riga. Na'urar ta nuna 170 bisa 100, wato jinin ya hau. Ya ɗauko ƙwaya ya sayar mata. Kwana uku jiri ya kayar da ita a tsakar gida. Da 'ya'yanta suka zo, babu takardar da ta nuna me aka gani, me aka ba ta, wa ya ba ta. Kafin wata ya ƙare, maganar da ke yawo ita ce kemis ɗin nan maganinsa kayar da mutane yake yi. Ko maganin ciwon kai daina saye aka yi a wajensa.

Saboda haka sayi littafi mai kauri, ka ja layuka: rana, suna, shekaru, lambar waya, awo na farko, awo na biyu, abin da aka karɓa, inda aka tura shi. Mutum ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, ba hira. A auna sau biyu, minti ɗaya ko biyu a tsakani. Wanda ya kai 140 bisa 90 a sake aunawa wata rana, in ya maimaita a rubuta masa takarda zuwa wajen likita. Wanda ya kai 180 bisa 120, musamman da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko nauyin harshe, asibiti a take, kada a tsaya neman canji. Ƙanenka kuwa ka gaya masa a gaban shaida: aunawa da rubutawa ne aikinsa, ba ya zaɓar wa kowa magani.

Kowace yamma ka ƙirga sunaye, ka ƙirga kuɗi, su yi daidai. Bayan wata uku ka turo mini adadin waɗanda suka dawo da takardar likita a hannu. In sun kai talatin, sai mu yi maganar na'ura ta biyu. Guda ɗaya, kuma daga ribar shago.