Ga ƙanwar da ta ce za ta tattara ta bar Legas

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun daren jiya na ga tambayarki, na fara rubutu na goge har sau biyu, don kin fama mini tsohon miki. Kin ce wata bakwai ke nan kina aiki a wani ofishin lauyoyi a Legas, ke kaɗai ce 'yar Arewa, ke kaɗai ce mai hijabi, ana kwaikwayon Turancinki, ba a ba ki fayil mai nauyi, barci ya ƙaurace miki, kina tambaya ko ki koma Kano. Wallahi kamar tarihina kika zauna kika rubuta.

Ni a 2016 na faɗa irin wannan ramin, ina gama bautar ƙasa. Oga babba ba shi da matsala, mutum ne da ba ka ganinsa sai ranar Litinin. Wadda ta gasa mini aya a hannu wata Madam ce da ke tsakaninmu da shi, ta girme ni a aiki da shekara takwas. Ranar farko ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da wannan shigar zan riƙa zuwa? Na yi murmushi, na ɗauka wasa ne.

Akwai wata rana da har gobe in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. A Babbar Kotun Igbosere ne, wadda aka ƙona a 2020. Madam ta maƙale a cunkoso a kan gada, ta kira ni ta ce in tashi in nemi a ɗage shari'ar kawai. Karo na farko da zan buɗe baki a gaban alƙali ke nan. Na miƙe, gwiwata tana rawa, zufa tana bin bayana a ƙarƙashin baƙar rigar nan. Maimakon in ce "pending application", harshena ya koma gida, na ce "fending afflication". Wani lauya a bayana ya tuntsire, na kusa da shi suka ɗauka. Mai Shari'a, Allah Ya saka mata, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta rubuta ta ba mu rana. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Kafin in iso ofis labari ya riga ni. A taron ranar Litinin, gaban kowa har da yaran da suka zo sanin makamar aiki, Madam ta miƙe ta kama gefen rigarta, ta kwaikwaye ni sau uku. Sau uku! Daga ranar sunana ya koma "Fending". Har ɗan aike haka yake kirana, shi a zatonsa sunana ne. Na shiga ɗakin ajiyar tsofaffin fayil inda nake shimfiɗa dardumata, na zauna a kan kwali na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe, sannan na wanke fuska na fito na ci gaba da buga takardar rantsuwar da ta ba ni.

Kuma ba ta tsaya nan ba. Mako uku na yi ina haɗa wata doguwar hujja a kan rikicin haya, ina kwana a kai. Ranar da wanda muke wakilta a ƙarar zai zo ofis, ta ce in zauna a teburina, wai baƙon ba zai saki jiki da ni ba. Ina jiyo ta ta cikin gilas tana karanta sakin layina ɗaya bayan ɗaya. Ni da ban miƙa wa maza hannu ba, ta ce ƙauyanci ne. Da azumi kuwa sai ta sa taro daidai lokacin buɗa baki. Na yafe mata, ko in ce ina kan ƙoƙari. Na ji ta bar ƙasar ma.

To, ga abin da zan ce miki: kada ki yanke shawara ranar da kika yi kuka. Ni sau biyu na rubuta takardar ajiye aiki, tana nan a kwamfutata har yau. Amma batun barci kada ki yi wasa da shi. Ni na yi, na ƙare da gyambon ciki da bugun zuciya, ina shekara 26. Mahaifiyata tana aiko mini da rubutu da tofi, na sha kuma na gode, amma sai da na zauna gaban likita na faɗa masa gaskiya, cewa kowace Lahadi da yamma jikina rawa yake, sannan na fara samun kaina. Kada wani ya ce miki raunin imani ne. Ki yi addu'a, ki kuma je asibiti.

Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta komai: rana, lokaci, abin da aka faɗa, da wanda ke wurin. Duk aikin da kika yi ki tura shi ta imel, ki sa Oga a ciki, don sunanki ya zauna a kansa. Ni ban yi ba, shi ya sa aka cinye guminna ban da ta cewa. Ke lauya ce, kin san sashe na 38 na tsarin mulki a kan 'yancin addini, kin san Kotun Ma'aikata tana sauraron ƙarar wariya a wurin aiki. Ba cewa nake ki kai ƙara ba, garin nan ƙarami ne a wurin lauyoyi, kowa ya san kowa. Amma wadda ke da hujja a jaka, ko tafiyarta daban ce.

Maganar hijabi kuwa, ku kun zo a sa'a. Wata 'yar'uwarmu, Firdaus Amasa, ta tsaya a bakin zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja a Disambar 2017 ta ƙi cirewa, aka hana ta shiga, sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita da hijabinta. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Legas 'yancin sa shi, alƙalai 5 suka rinjayi 2. Na san hukuncin ba a kan ofis mai zaman kansa aka yi shi ba, kada wani babban lauya ya taso mini, amma ya sauya yadda ake kallonmu. Ki sa naki fes, a goge, ki ɗora hular lauyoyi a kai, ki shiga.

Abin da ya fitar da ni, ba za ki yarda ba, shi ne abin da ake mini dariya a kansa. Bayan gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na farko na naira biliyan 100 a 2017, wani abokin hulɗar ofishin ya zo da tambaya a kan ijara, wato yarjejeniyar haya a shari'ar Musulunci. Duk manyan suka yi tsuru-tsuru. Ni da na yi shari'ar Musulunci a jami'a, wadda Madam ke cewa digirin rabon gado, ni aka kira. Ranar Oga ya fara sanin cikakken sunana. Idan ke ma kin yi shari'ar Musulunci a jami'a, ki tono littattafanki. Tun da bankin Musulunci na Jaiz ya buɗe a 2012 harkar nan take faɗaɗa, kuma a Legas kuɗin suke.

Hausarki ma jari ce. Ki je Agege, Idi-Araba, Mile 12, ki ga mutanenmu. Dillalan tumatir da na shanu suna juya miliyoyi ba takarda ko ɗaya. 'Yan acaɓa ana kwashe su a tsare, ba su san suna da haƙƙin a ba su tafinta kyauta a kotu ba. Na taɓa karɓo belin wani yaro ɗan Jigawa, kwana huɗu yana gyaɗa kai ga duk abin da aka tambaye shi. Da na ce masa "Ɗan'uwa, me ya faru?" sai ya fashe da kuka. Kawunsa, mai sayar da albasa, shi ne ya kawo mini mutum na farko da ya biya ni da sunana. Af, in kin je Agege ki ci tuwo da miyar kuka, wallahi rabin damuwar ma yunwar abincin gida ce.

Kada ki zauna ke kaɗai. Ki je taron reshenku na NBA, ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, ko da ba ki san kowa ba, ki nemi 'yan MULAN, ƙungiyar lauyoyi Musulmi, da FIDA ta lauyoyi mata. A can na samu wata Anti Bayarabiya mai hijabi, ita ta kai takarduna ofishin da na koma a 2019. Kin ga ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

In kuma kin auna kin ga gida ya fi miki, ki koma da kanki a sama, ba gudu kika yi ba. Mai Shari'a Aloma Mukhtar daga kotunan Arewa ta taso har ta zama Alƙaliyar Alƙalan Najeriya a 2012. Sai dai ki cika shekara ɗaya tukuna, ki karɓi takardar shaida, ki samu wurin sauka kafin ki saki wannan. Masu ce miki ki dawo ki yi aure ki huta, ki ce musu kin ji.

Turancin kuma, na yi wata uku ina tsayawa gaban madubi da takarda a bakina ina hura "p". Yanzu yakan zo daidai, sai in na fusata. Ki turo mini saƙo a keɓe, Asabar ina gida, ki zo ki ci ɗanwake mu duba takardunki.